Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: farar takardar da ke cikin tsinken gwaji

Zuwa ga Mai girma Ministan Lafiya,
Farfesa Muhammad Ali Pate, Cigarin Misau.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da kai da iyali. Ni malamin harhaɗa magunguna ne a wata jami'a a nan Arewa, kuma ɗan manomin auduga ne daga ƙasar Funtuwa. Da Hausa na zaɓi in rubuto maka, don ina so ma'aikatan ɗakin gwaji na asibitocin karkara da manoman da zan ambata su karanta tare da kai, tunda maganar tasu ce.

Duk shekara, ranar da zan fara karatu da sababbin ɗalibai, nakan shiga aji da reza da kwalin tsinken gwajin maleriya wanda wa'adinsa ya ƙare. In raba musu ɗaiɗai, in ce kowa ya ɓare robar ya ga abin da ke ciki. Kusan dukansu sun taɓa miƙa yatsa an huda, an ɗiga jini a ɗan ramin nan, sun zauna jiran layi ɗaya ko biyu. Amma da wuya ka samu wanda ya taɓa leƙa cikin. Da an ɓare, sai a ga wani siririn tsinke da bai kai faɗin farce ba. A goshinsa akwai ɗan ƙyalle mai shan jini, sai wani mai launin ja-ja, sai farar takarda mai santsi a tsakiya, sai wata takarda mai kauri a ƙarshe wadda ke zuƙe ruwan. Shi ke nan. Bara wata ɗaliba ta juya nata sau biyu ta dube ni ta ce, "Malam, ashe takarda ce kawai muke saya da dala?"

Na ce mata e, kuma a'a. Bayanin wannan amsar ne ya zama wasiƙar nan.

Farar takardar nan sunanta naitiroselulos. Asalinta selulos ne, wato zaren da Allah ya gina jikin tsiro da shi, wanda wani Bafaranshe, Anselme Payen, ya fara ware shi ya gane shi a 1838. Shi ne ƙarfin karan dawa, shi ne igiyar rama. A itace yakan kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100, a auduga kuwa ya kai kashi 90. Ana ɗaukar selulos mai tsabta, a jiƙa shi da asid, a narkar da shi, a shimfiɗa shi ya bushe ya zama fata mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta cikin ƙofofin nan jini ke tafiya da kansa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Masu sana'ar da daƙiƙa suke auna ingancinta: daƙiƙa nawa ruwa zai ɗauka ya ci santimita 4. In ya yi gudu da yawa, gwajin ba zai kama cutar ba. In ya yi nawa, a gaji da jira, takardar ta yi dabbare-dabbare. Ɗan ƙyallen nan mai ja-ja kuwa, zinariya ce a jikinsa, an niƙe ta ta zama ƙwayoyi masu girman kamar nanomita 40, aka manna musu sinadarin garkuwar jiki mai cafke wani furotin na ƙwayar maleriya da ake kira HRP2. Nanomita ɗaya shi ne a raba mita gida biliyan a ɗauki ɗaya, kaurin silin gashi guda ma dubban nanomita ne. Idan zinariya ta yi ƙanƙanta haka, ba ta ƙara yin ruwan ɗorawa, ja take komawa, kuma taruwarta wuri guda ce jan layin da ake gani. Kada dai wani ya ji haka ya fara tara tsofaffin tsinkaye, abin da ke ciki ba zai sayi ko ashana ba.

Ka ga ke nan, ranka ya daɗe, fasahar nano da ake ta kiran taro a manyan otal a kanta ta daɗe da isa ƙauyenmu. Tana cikin durowar kowane ƙaramin asibiti. Shigo da ita kawai muke yi.

Kai ka fi ni sanin nauyin da ke kanmu: wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Ƙasar da ke da wannan kaya a ka, ai ita ya kamata ta fi kowa iya yin abin gwajinta. Na yi murna da dokar shugaban ƙasa ta watan Yunin 2024 da ta ɗage haraji a kan injuna da kayan haɗa magunguna, na kuma yi murna da masana'antar tsinken gwaji ta Codix Bio da aka buɗe a Shagamu a 2025. Aiki ne na gaske, ba na raina shi. Tambayata ɗaya ce: farar takardar daga ina za ta riƙa zuwa? Kamfanonin da suka iya yin ta a duniya 'yan ƙalilan ne, irin su Sartorius a Jamus, da Merck Millipore, da Cytiva, da MDI a garin Ambala na Indiya. Lokacin korona, da duniya ta ruɗe kowa na neman tsinken gwaji, layi aka yi a ƙofarsu, kuma mai kuɗi ne a gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma wani dalilin: a Eritiriya an gano ƙwayar maleriyar da ta daina fitar da HRP2, gwaji ya riƙa cewa babu alhali akwai, dole suka sauya irin tsinken da suke amfani da shi a 2016. Ranar da irin wannan ta taso mana, wanda ya iya haɗa tsinke tun daga takarda shi zai iya gyara shi da wuri.

Yanzu bari in koma gida. Ina yaro, bayan an ɗebe auduga an kai kasuwa, abin da na sani game da gurya shi ne iri da mai da abincin shanu. Akwai wani gajeren gashi da ke manne da guryar bayan an gurje auduga, wanda ba ya kaɗuwa, babu mai kallonsa. Sai da na girma na shiga jami'a na gane cewa wannan gashin yana cikin selulos mafi tsabta da masana'antu ke nema, kuma da shi ake yin naitiroselulos mai daraja. Mahaifina ya rasu bai san haka ba. Masaƙun Kaduna da suka riƙa sayen audugarsa, tun daga KTL da aka buɗe a 1957, sun mutu sun bar kangaye a Kakuri, manoma da yawa suka koma masara da waken suya. Amma har yanzu ana noma auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kuma tana da irinta na SAMCOT. Banda auduga, ga tsaunukan ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa na Kura, ana cinna musu wuta suna hayaƙi kwana da kwanaki. Ga tuƙar rake a Numan. Ga kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru, masunta na kuka da ita. Duk selulos ne.

Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba. Tsakanin ɓuntun shinkafa da abin da za a ɗora a kan jinin mutum akwai tafiya mai nisa, kuma a nan ne mu malaman jami'a muke yaudarar kanmu. Ni ma ina ciki. Ɗalibi zai kawo ɓawon gyaɗa, ya dafa shi da soda, ya wanke, ya sa masa bilic, ya jiƙa shi a ruwan batir mai ƙarfin kashi 64 cikin 100, ya samu wani farin ruwa mai kauri. Wannan hanya ce sananniya tun aikin Bengt Rånby a Suwidin wajen 1950: asid ɗin yana cinye sassan zaren masu laushi ya bar masu tauri, 'yan sanduna da kaurinsu bai cika wuce nanomita 20 ba. Sai mu rubuta cewa mun samar da nanoselulos daga sharar gona, kuma "ana iya amfani da shi" wajen na'urar gano cuta da dashe a jikin ɗan Adam. A buga a mujalla, malam ya samu ƙarin girma, ɗalibi ya samu digiri. Kwalbar kuma ta hau kanta ta yi ƙura. Wata ɗalibata sai da ta jira wata biyar kafin hoton samfurinta ya dawo daga ƙasar waje, don madubin lantarkin da za a duba shi da shi a kusa da mu ya lalace, an rasa mai gyara. Da hoton ya zo, rabin abin da ke ciki dunƙule yake. Ba laifinta ba ne. Gram biyar ta yi, sau ɗaya, a tukunyar gilashi. Ba wanda ya taɓa ce mata ta yi kilo biyar sau goma ta nuna duk iri ɗaya suka fito, alhali wannan ne kaɗai abin da mai masana'anta zai tambaya.

Dubi yadda waɗanda suka riga mu suka yi. A Jami'ar Tokiyo, Farfesa Akira Isogai da abokan aikinsa sun gano hanyar warware zaren itace har ya koma kaurin nanomita 3 zuwa 4, aka ba su kyautar Marcus Wallenberg a 2015. Me Japanawa suka fara sayarwa da shi? Tawadar biro da ƙunzugun tsofaffi. A Kanada, kamfanin CelluForce ya buɗe masana'anta a 2012 da aka gina don fitar da tan ɗaya na nanoselulos a rana, kuma ba da jikin mutum suka fara ba. Su da ke da kuɗi da kayan aiki daga ƙasa suka faro. Mu kuwa takardun neman tallafinmu daga zuciya da ƙashi suke farawa.

Na san abin da ke ja mu zuwa can, don ni ma ya taɓa ni. Ɗan ƙanwata ya faɗi a babur ya karye a idon sawu. Muka hana a kai shi wurin mai ɗori, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe da kusoshi. Ƙashi ya haɗe lafiya lau, amma kan kusa ɗaya ya riƙa tokarar fata, takalmi ya gagare shi. Likita ya ce sai an sake buɗewa a cire. Kuɗin aiki na biyu ya sa yaron nan ya yi fiye da shekara yana yawo da silifa, damina da rani. Duk wanda ya ga haka zai yi fatan a ce akwai kusar da za ta riƙe ƙashi, in ta gama aikinta ta narke ta bi jiki. Kuma akwai ta. Kamfanin Syntellix na Hanoba a Jamus ya samu izinin Turai a 2013 na sayar da kusar magnisiyam mai suna MAGNEZIX. Amma tun 1906 wani likitan Beljiyam, Albin Lambotte, ya gwada magnisiyam a karayar ƙafa, ƙarfen ya narke da gaggawa, iska ta taru a ƙarƙashin fata, aka cire shi. Fiye da shekara 100 ke nan tsakanin gwajin farko da abin da aka amince da shi. Haka kamfanin Abbott ya fito da Absorb, wani ɗan bututu mai narkewa da ake sa wa a jijiyar zuciya. Amurka ta amince da shi a 2016, a watan Satumban 2017 aka daina sayar da shi. Kamfanin ya ce ciniki ne ya yi ƙasa, amma bincike ya riga ya nuna jini ya fi daskarewa a cikinsa fiye da a na ƙarfe.

Shi kansa selulos akwai wata gaskiya game da shi da ɗalibaina ke mantawa. Ruɓewa a juji daban, narkewa a jikin mutum daban. Saniya tana narkar da ciyawa ne don ƙwayoyin halittar da ke tumbinta, gara ma tana da nata makamin. Jikinmu ba shi da sinadarin da ke yanka wannan zaren. In ka dasa tsantsar selulos a cikin nama, yana nan zaune. Sai an sauya masa halitta da gangan kafin jiki ya iya shanye shi. Misalin da kowane likitan tiyata ya sani shi ne Surgicel, ƙyallen nan mai kama da raga da ake dannawa a inda jini ya ƙi tsayawa, a rufe ciki a bar shi, ya narke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Tun 1960 yake kasuwa. Selulos ne aka gyara, ba wani abu ba, kuma har yau daga waje muke sayen sa da tsada, har likita kan yi tunani sau biyu kafin ya yage leda ɗaya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wankin ciwo. Gwaggona ta yi fama da gyambon ciwon suga a ƙafa. Duk bayan kwana biyu sai a kai ta a cire bandejin da ya bushe ya manne da nama. Ma'aikaciyar jinya takan jiƙa shi da ruwan gishiri, ta jira, ta ja a hankali, duk da haka sai ya taho da sabon naman da ya fara tsirowa. Gwaggo ba ta kuka. Takan cusa bakin mayafinta a baki ta riƙe hannuna, in ji ƙasusuwan yatsuna suna ƙara. Alhali akwai wata ƙwayar halitta da ke saƙa selulos da kanta, wadda A. J. Brown ya bayyana a Ingila tun 1886. In ka ba ta ruwa mai zaƙi, sai ta yi yana mai kauri a samansa, irin wadda ke taruwa a kan ruwan tsami. A Filifin cin ta ake yi, suna yin ta da ruwan kwakwa. Zarenta tun asali na nano ne, ba sai an sa asid ba, kusan kashi 99 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, ba ta mannewa da ciwo, kuma tana sanyaya shi. Birazil ta fara rufe ƙuna da ita tun shekarun 1980. Abincin ƙwayar sukari ne, ragowar ruwan rake ma ya ishe ta. Wannan ba ya buƙatar injin biliyoyi. Yana buƙatar tsabta, da wankewa sosai, don ƙwayar tana barin wata guba ko bayan ta mutu wadda ke sa zazzaɓi, da kuma wurin da zai auna ya tabbatar an wanke ɗin.

To wurin aunawar nan shi ne babban roƙona. Duk abin da zai taɓa jini ko nama akwai ƙa'idar duniya da ake bi a gwada shi, ISO 10993: ko yana kashe ƙwayoyin jiki, ko yana sa ƙaiƙayi da kumburi, ko yana fasa jini, da abin da yake komawa in ya narke. Malamin jami'a ba zai iya biyan kuɗin wannan a ƙasar waje daga albashinsa ba, ƙaramin kamfani ma haka. Ina roƙon a kafa ɗakin gwaji guda ɗaya tak na ƙasa da zai iya wannan aikin, a nema masa shaidar amincewa ta duniya, a sa masa farashin da ɗan ƙasa zai iya biya, a kuma ware kuɗin gyaran na'urori da albashin mai gyaran tun ranar da aka saye su. Guda ɗaya mai aiki ya fi goma da aka yanke musu ƙyalle aka kulle. Hukumar NAFDAC ta kai mataki na uku a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke auna hukumomin kula da magunguna da shi a 2022, akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, akwai ta sinadarai ta NARICT a Basawa ta Zariya, akwai wurin kashe ƙwayoyin cuta da hasken gamma a Sheda. Ba daga fili za a faro ba. Wanda zai tara su a tebur ɗaya ya raba musu aiki ake nema, kuma kujerarka ta isa ta yi hakan.

Sannan a bi abin daki-daki. A fara da garin selulos da ake cakuɗawa a ƙwayar magani don ta dunƙule, wanda kamfanonin magungunanmu ke shigo da shi buhu-buhu, alhali masu harhaɗa magunguna na ƙasar nan sun yi shekaru suna nuna ana samun sa daga kara da ɓawo. Daga nan sai takardar zuƙe ruwa da ke ƙarshen tsinken gwaji, ita ce mafi sauƙi a cikin huɗun. Sai abin rufe ciwo. Sai ragar tsayar da jini. Farar takardar kanta ta fi su wuya, kuma tana da wata matsala: 'yar'uwar audugar bindiga ce, wadda Schönbein ya gano a 1846, wuta take ci kamar fetur, don haka dole jami'an tsaro su san da zancen tun farko, kuma zai fi sauƙi a shiga haɗin gwiwa da waɗanda suka riga suka iya. Kusar ƙashi da bututun zuciya su jira. Masu sha'awar bincikensu su ci gaba, amma kada su cinye kason waɗannan.

Ɓangaren na'urorin gano cuta ma haka nake gani. Tun da Leland Clark ya kawo dabarar auna sukarin jini da sinadarin halitta a 1962, da kuma George Whitesides na Jami'ar Harvard da ya nuna a 2007 cewa ana iya zana hanyoyin ruwa a kan takarda a gwada fitsari, kullum sabon abu ake fitarwa, yau a ce girafin, gobe a ce bututun kabon, duk kayan nano. Ba na musun amfaninsu. Amma matsalar da ke gabanmu ta fi wannan kusa. Kwalayen gwaji da yawa an rubuta a jikinsu kada zafi ya wuce digiri 30, wasu 40. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ɗakin ajiya mai rufin kwano ba ya tambayar abin da aka rubuta a kwali. Binciken da zai sa tsinke ya jure zafinmu da ƙurar hunturunmu, ko ya sauya robar nan da ake ƙonawa a bayan asibiti da kwali mai ruɓewa, ba zai yi suna a mujallun Turai ba, amma shi za mu mora.

Abu na ƙarshe, kasuwa. Ba mai zuba kuɗinsa ya kafa injin tace gashin gurya in bai san wa zai saya ba. Gwamnati da masu ba da tallafi su ne manyan masu sayen tsinken gwaji da kayan wankin ciwo a ƙasar nan. In aka rubuta a yarjejeniya cewa duk wanda kayansa ya ci jarabawar inganci za a sayi kaso kaza daga wurinsa na shekara kaza, 'yan kasuwar Kano da Legas ba sa buƙatar a yi musu lacca.

A kantar ofishina yanzu haka akwai kwalabe 14, kowace da sunan ɗalibi da shekara a jikin takardar da aka manna mata: ta ɓuntu, ta rama, ta ɓawon gyaɗa, da biyu na gashin gurya da na roƙo daga wani gidan gurza a garinmu. Ban san wacce ce za ta ci jarabawa ba, wataƙila ma babu ko ɗaya. Ranar da aka buɗe wurin gwajin, da kaina zan sa su a kwali in kawo.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Malamin harhaɗa magunguna, ɗan manomin auduga daga ƙasar Funtuwa.